Alli da Kananzir

"Ba dutse ba ne," in ji Baba Indabawa.

"Alhaji ya ce dutse ne, Baba," in ji Saifullahi.

"Alhaji albasa yake sayarwa. In ya ɗaga guda ya ce min wannan ta Aliero ce, ba zan ja da shi ba. To shi ma ya bar min ƙarfe."

Saifullahi yana tsugune a bakin rumfar, a wani lungu na unguwar Mile 2 Diobu a Fatakwal, inda masu walda da masu faci suka jera, yana kallon ɓarin kaskon injin da ya ɗauko a buhu tun da hantsi. Kankes suke ce masa a gareji, wato tukunyar alminiyam ɗin da ke riƙe da baƙin mai da duk hanjin injin mashin. Jiya ya wuni yana kwance injin, ya raba kaskon biyu, ya wanke shi da fetur har sau uku. Yanzu ga shi a cinyar dattijon, tas kamar sabuwar ƙwarya. In ba ka sani ba sai ka rantse lafiyarsa ƙalau.

Baba Indabawa ya haura shekara talatin a Fatakwal. Sunansa na yanka ya ɓace a hanya, sunan unguwarsu ta Kano ne ya biyo shi. Masu walda suna da yawa a Diobu, amma alminiyam ba kowa yake yi wa biyayya ba: ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, kana cikin hura masa wuta sai kawai ka ga ya zube. Shi ya sa har daga Anaca da Inugu makanikai suke aiko masa da fasassun kasake a motar haya, an rubuta sunansa a jikin kwali.

Dattijon ya fasa alli a gwangwanin madara, ya dama da ruwa, ya shafe bayan kaskon da gashin kaza, ya jingina shi a gefen murhun gawayi har ya bushe ya yi fari fat. Sannan ya tsoma wani gashin a kananzir ya shafa ta ciki. Ya ajiye, ya ɗauko goro ya ɓantara.

"Kananzir ba ya riƙe sirri," ya ce. "Ko ramin da ido ba ya gani, shi zai bi."

Kafin ya gama tauna, wani siririn zare mai launin toka ya fara fitowa a jikin farin allin. Daga bakin ramin notin da ake juye mai ya tashi, ya miƙe tsawon ɗan yatsa, ya ɗan karkace a ƙarshe.

"Matso ka gani, Injiniya. Dutse daga waje yake duka. Yana barin lotsawa, tsagar kuma ta watsu kamar ƙafar kaza. Ina lotsawar a nan? Wannan daga cikin haƙoran noti ta taso. Wani ne ya ɗaure shi kamar yana ɗaure tayar tirela." Ya ɗago kai. "Wa ke yi wa Alhaji Gwadabe juyen mai?"

"Ni ne."

"To," in ji dattijon, ya ci gaba da taunar goronsa.

Saifullahi ya san ranar, har sa'ar ya sani. Shekara bakwai ya yi a garejin tirela a Dawanau kafin ya biyo wata tanka zuwa kudu ya ƙi komawa, kuma a wancan garejin doka ɗaya ogansu ya dasa musu: noti sai ya yi kuka. Ka zura bututu a jikin sifana, ka hau da ƙarfinka, sai ka ji ƙarar sannan ka saki. Da ya koma gyaran mashin da keke-napep a Fatakwal kansa ya koyi cewa alminiyam ba haka yake ba. Hannunsa ne bai gama koya ba. Ranar Litinin ɗin nan a ƙofar gidan Alhaji, wosha, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashin noti, ta cinye, babu wata a aljihunsa, hadari ya haɗo, mai yana ɗan tsatsa a bakin notin. Raihana 'yar Alhaji kuma tana tsaye a bakin get da kular abinci tana ba shi labarin wata mata da ta zo sayen wake ta ce a ƙirga mata. Ba ya son ko ɗigo ɗaya ya ɓata simintin gidan su Raihana. Ya laluba jaka ya ɗauko bututu. Ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya tsinken sakace. Ya ce wa ransa sifanar ce ta zame, ya ɗago yana dariyar labarin wake.

Ranar Alhamis Alhaji ya dawo daga unguwar Rumuokoro, ya tarar mai ya jiƙe masa takalmi, ya ce lallai dutse ya hau a hanya.

Ba sabon mashin ba ne. A saman buhunan albasa Alhaji Gwadabe ya taho da shi daga Kano a shekarar da aka haifi Raihana, kuma tun daga nan da shi yake zuwa shagonsa a Mile One kullum, ruwa ko rana. Sabon kasko ba wuyar samu ne da shi ba, amma lambar injin a jikin wannan ɓarin aka buga ta, ita ce a takardun da Alhaji yake ɗaure da roba a aljihun gaba, kuma a titunan garin nan mai mashin ba ya son a tsayar da shi a ga lamba ta saɓa. Sai dai a ɗinke tsohon.

Akwai kuma abin da ya fi lamba. Ranar Asabar kawun Saifullahi zai taso daga Anaca da mutum biyu, su kai gaisuwa gidan Alhaji. Da kawun ya fara buga waya yana lalube, abin da Alhaji ya ce masa shi ne: "Shekara uku yaron nan yana taɓa min mashin, ko wosha bai taɓa ɓatar min ba. Wanda ya riƙe wannan zai riƙe 'ya." Saifullahi ba shi da gida, ba shi da dangi a garin, ba shi da shago sai inuwar wani kanti. Maganar nan ita ce duk abin da yake da shi a wurin Alhaji, kuma tun da kawu ya maimaita masa ita yake juya ta a ransa kamar mai jan carbi.

"Nawa ne lokacin da zai ɗauka, Baba?" ya tambaya.

"Aikin ba shi da yawa. In huda bakin tsagar don kar ta ci gaba, in goge ta da magagari ta zama kwari, in gasa kaskon a gawayi ya yi gumin man da ya sha shekara ashirin, sannan in cike da narkakken tsohon fistin. Kafin la'asar ko mai ƙera shi ba zai gane wurin ba." Ya tofar da tuƙar goro. "Amma ka san ƙa'idata."

Kowa a layin ya san ta. Baba Indabawa ba ya taɓa kasko da wuta sai mai abu ya zo ya ga tsagarsa a jikin alli, ko ya aiko wani na gidansa ya gani. Waɗanda ke aiko masa daga nesa ma sai ya sa an ɗauki hoto a waya an tura, an amsa. Wai a farkon zuwansa ya taɓa ɗinke wa wani, bayan wata biyu mutumin ya dawo da 'yan sanda ya ce shi ne ya fasa. Tun daga ranar, gani ya kori ji.

Saifullahi ya buga wa Alhaji waya. Muryar da ta amsa ba ta da ƙarfin da ya saba ji.

"Me zan gani, Saifullahi? Da ina gani ai da ban hau dutsen ba. Bari in turo maka Raihana."

Ruwa ya sauko kafin ta iso, irin ruwan Fatakwal da ba ya sallama. Ta sauka daga keke da lema, ta tsallake kwata da ƙafa ɗaya, ta durƙusa a bakin rumfar.

"Ina wuni, Baba. Ya aiki? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, 'yar Gwadabe. Ya mutan gidan? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi." Ta juya. "Injiniya, ko gaisuwa babu? Ka yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta."

A Diobu aka haife ta, Hausarta ta Kano ce amma saurinta na Fatakwal ne, kuma in ciniki ya yi zafi a shagon mahaifinta takan juye zuwa Burokan, Turancin kasuwa, ta gama da mai saye kafin ya farga. Saifullahi ya daɗe da lura cewa in ta shigo wuri sai ya manta abin da ke hannunsa. Yau bai manta ba.

Baba Indabawa ya miƙa mata kaskon. Ya nuna mata zaren da farcensa, ya maimaita mata abin da ya faɗa ɗazu, babu ƙari babu ragi: dutse, lotsawa, ƙafar kaza, haƙoran noti. Bai ambaci sunan kowa ba. Ba a buƙata. Raihana ta kalli zaren, ta kalli Saifullahi, kuma ya ga lokacin da ranar Litinin ta dawo mata, da kular abinci da bututun da ya ɗauko.

"Kin gani?" in ji dattijon.

"Na gani, Baba."

"Shi ke nan, ƙa'ida ta cika. Ni walda nake yi, ba alƙalanci ba." Ya karɓi kaskon ya ajiye a kan benci, ya koma ƙuryar rumfa ya fara ƙara gawayi a murhu yana fifita da kwali, ya ba su baya.

Raihana ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Ta ɗan jima tana karkaɗe ruwa daga lemarta.

"Allah ya taimake mu," ta ce a hankali.

"Da me?"

"Da kai. Da wannan ƙaton hannun naka." Ta yi 'yar dariya. "Ka san jiya Abba ya ajiye makullin mashin a kan faranti bayan ya ci abinci? Ya ce wa Umma, in har zan hau dutsen da zai fasa inji ban gan shi ba, ban ma ji shi ba, to ido ya tafi, girma ya zo. Ya ce ko an gyara ba zai ƙara hawa ba, a ajiye shi a soro. Shekara biyu muna roƙonsa. Yayana ya yi magana daga Inugu, liman ya yi magana, bai ji ba. Kai da bututu ɗaya ka gama aikin."

"Idonsa lafiya lau ne, Raihana. Shi ke karanta min lambar fulogi ba tabarau."

"Shekararsa sittin da takwas. Ka manta bara da bas ta goge shi a wajen gadar Mile One? Sati uku yana salla a zaune. Umma ba ta iya cin abinci da yamma sai ta ji ƙarar mashin ɗin nan a bakin get. Kai ba ka zauna a gidan ba, ba ka san yadda ake jiran ƙarar ba."

Gaskiyarta ne, kuma ya sani. Ya taɓa ganin Hajiya Kubura, mahaifiyarta, a bakin taga wata rana da Alhaji ya makara.

"Kuma Asabar saura kwana uku," ta ce. Ta sassauta murya. "Ka san Abba. Ba fasa kaskon ne zai dame shi ba. Cewa zai yi, ka ji ƙara ranar Litinin, ka bar ni na hau titi kwana uku mai yana zuba. Ka bar ni kwana shida ina cewa dutse. Me za ka ce masa?"

"Ban tabbata ba a lokacin."

"To yanzu ma kar ka tabbata. Abeg, don Allah, Injiniya, kar ka ɓata mana kasuwa. Ba ka yi ƙarya ba, shi ya ce dutse. Baba ba zai yi magana ba. Ni ba zan yi ba. Wa aka cuta?"

Saifullahi ya kalli titi. Keke biyu sun haɗu a cikin ruwa, direbobin suna zagin juna da yaren da bai gama iyawa ba. Ya yi ƙoƙarin nemo wanda aka cuta, bai samu ba. Uwa za ta ci abincinta. Tsoho zai zauna a bayan keke kamar sauran sa'anninsa. Mashin zai samu ɗinkin da ya fi asalinsa ƙarfi. Shi kuma ranar Asabar zai sa farar shaddarsa ya zauna a soro yana jin kawunsa yana kiran sunan Raihana a gaban mutane. Ya daɗe yana hango wannan zaman, har ya san inda zai ajiye takalminsa. Bai taɓa tsammanin hanyar zuwa can za ta yi sauƙi haka ba: ya yi shiru na rabin sa'a, har magagari ya bi ta kan zaren.

Ganin ya yi shiru, Raihana ta saki jiki. Ta ciro gyaɗa daga jaka ta miƙa masa, ta miƙa wa Baba Indabawa, wanda ya girgiza kai bai juyo ba.

"Ban ba ka labarin abin dariya ba ma," ta ce. "Shekaranjiya bayan azahar Abba ya ɓace daga shago. Na buga waya bai ɗauka ba. Ashe bas ya shiga har Rumuokoro, ya sauka, ya riƙa bin gefen titi da ƙafa, wai yana neman dutsen."

"Wane dutse?"

"Dutsen da ya haye mana. Wai yana so ya ga girmansa. In ƙarami ne, to da sauran ido. In babba ne, shi ke nan." Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ya fi awa biyu. Har wani mai sayar da rake ɗan garinmu ya tare shi ya ce, Alhaji, kuɗi ka yar? Ya dawo wandonsa duk taɓo. Ya ce ya ga duwatsu da yawa amma babu wanda ya tuna. Wai wannan ne ya fi tsorata shi, da bai tuna ba. Jiya ma na kama shi yana rufe ido ɗaya yana karanta rubutun jikin buhu, ya sake rufe ɗayan. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce ƙwaro ne ya shigar masa."

Saifullahi bai yi dariya ba. Ya san titin. Ya san yadda motoci suke watsa wa mai tafiya ruwa a wajen shatale-talen, da yadda babu wurin taka ƙafa tsakanin kwata da kwalta. Ya ga Alhaji Gwadabe, mutumin da ke gane albasar da za ta ruɓe tun tana cikin buhu, yana sunkuye da babbar riga yana juya duwatsu da ƙafa, yana tambayar kowanne ko shi ne. Wannan dutsen yana cikin jakar kayan aikin Saifullahi, bututu ne mai tsawon kamu biyu, an yanko shi daga famfon ruwa.

"Zai ƙara komawa?" ya tambaya.

"Wa ya sani? Ya ce wai bai duba ɗaya hannun titin ba." Ta tsaya da dariyar, don ta ga fuskarsa. "Saifullahi. Kar ka fara."

Gawayi ya kama. Baba Indabawa ya dawo benci yana share hannu a gaban rigarsa. Ya jawo kaskon, ya gyara masa zama tsakanin katako biyu, ya ɗauko tsumma da magagari.

"In na goge allin nan na sa magagari, an wuce wurin," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Ba don komai na faɗa ba. Kowa nake gaya wa."

"Bismilla, Baba," in ji Raihana.

Dattijon ya jiƙa tsumman a gwangwani, ya matse.

"Dakata, Baba," in ji Saifullahi.

Ya miƙe. Raihana ma ta miƙe.

"In ka faɗa masa, gobe zai karɓi makullinsa," ta ce. "In wani abu ya same shi a titi, kai zan kalla. Kuma ban yi maka alkawarin Asabar ba, ka ji na gaya maka."

"Na ji."

"To mene ne ribarka?"

Saifullahi ya matsa gaba. Ya karɓi kaskon daga kan benci da hannu biyu, ta gefe, yadda yatsa ba zai taɓa allin ba. Zaren yana nan, ya ma ƙara duhu. Baba Indabawa ya ajiye tsumman, ya laluba ƙarƙashin benci ya zaro wata baƙar leda babba ya miƙa masa.

"Rufe shi sama-sama," ya ce. "Ruwa ba ya shiri da alli."

Saifullahi ya rufe. Ya leƙa waje ya ɗaga wa wani keke hannu, sannan ya juyo.

"Ki gaya wa Umma, ni ma zan roƙe shi ya ajiye mashin, a gabanku, ko zai kore ni. Amma ba da wannan ba." Ya ɗaga kaskon a ƙirjinsa. "Baba, a bar gawayin ya huce. Mile One zan kai shi yadda yake, da allinsa. Alhaji ya ga tsagar da idonsa, ni kuma in gaya masa wanda ya ɗaure notin."